Tsufan Kayan Su da Darajarsu a Ƙasar Lafiya: Daga Zaren Yawa zuwa Sandar Zaren Gilashi

Su, wato kamun kifi a kogi ko tafki ko fadama, yana cikin tsofaffin sana'o'in da al'ummomin kwarin Binuwai suka rayu a kansu, amma yana cikin waɗanda tarihinsu ya fi wuyar bibiya, domin kayan aikinsa na itace ne da zare da duma, abubuwan da ruwa da gara da zafin rana ba sa barin su daɗe. Maƙeri yakan bar kashin ƙarfe a kufansa, maginar tukwane takan bar tsingaro, masunci kuwa idan ya rasu, da wuya komarsa ta shekara goma a bayansa. Wannan ne ya sa duk wani tsohon kayan su da ya tsira yake da muhimmanci ga mai nazarin tarihi, kuma tambayoyi biyu ne suke fara fuskantar wanda ya riƙe shi: yaushe aka yi shi, kuma mece ce darajarsa. A Turai da Amurka waɗannan tambayoyi sun zama fanni mai ƙa'idoji, musamman game da sandunan fatsa na zaren gilashi da aka ƙera bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alhali a ƙasar Lafiya da kewayenta amsoshinsu suna nan a jikin kayan da kuma a bakin dattawan da suka yi aiki da su.

Garin Lafiya, wanda aka fi sani a da da Lafiyan Barebari, Muhammadu Dunama ne ya kafa shi tare da jama'arsa ta Barebari wajajen ƙarshen ƙarni na 18, a yankin da Migili da Alago da sauran al'ummomi suka riga suka zauna. Garin ba a bakin babban kogi yake ba, sai dai matsayinsa na kasuwa ya ɗaura shi da Binuwai tun da wuri, musamman a zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, lokacin da kasuwar Lafiya ta bunƙasa, hanyar fatauci kuma ta buɗe zuwa Loko, mashigin da ke bakin kogin a kudu maso yamma. Bayan zuwan Turawa, layin dogo na gabas ya ratsa Lafiya a shekarun 1920 a kan hanyarsa daga Makurɗi zuwa Kafanchan, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama hedkwatar sabuwar Jihar Nasarawa. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi ta ɗauki bandar kifi daga bakin ruwa zuwa tudu, ta kuma komo wa masunta da sabon kayan aiki, shi ya sa tarihin hanyoyin yake taimakawa wajen sanya wa kayan lokaci.

Ruwayen da suke ciyar da wannan kasuwa sun haɗa da shi kansa Binuwai, wanda ya bi kudancin jihar ta wajen Tunga da Loko da Umaisha, da kogin Mada da ke gangarowa daga tsaunukan Filato, da tafkunan ƙasar Awe, da kuma madatsar ruwa ta Doma wadda ta zo daga baya. A bakin waɗannan ruwaye Jukunawan ruwa da ake kira Wanu, da Agatu, da Bassa, da Egbura suka daɗe suna su, sannan masunta Hausawa, musamman Kabawa da Sarkawa daga ƙasar Kabi da Yawuri, suka riƙa zuwa ci-rani, wasu kuma suka kafa tunga suka zauna, har kalmomin Hausa na sana'ar suka zama na kasuwar kifi baki ɗaya. A yawancin irin waɗannan matsugunai akwai Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta wanda yake sanya lokacin buɗe tafki da rufe shi, yake kuma raba gardama a kan wuraren kafa tarko. Kifayen da ake nema su ne giwan ruwa da yauni da tarwaɗa da ramboshi da bargi da ƙarfasa da kurungu da tsage, kuma kusan kowane yana da kayan da ya dace da halinsa.

Rukuni mafi tsufa na kayan su shi ne wanda babu abin da aka sayo daga nesa a jikinsa. Homa, wato koma mai baki a buɗe wadda aka ɗaura a jikin tanƙwararrun sanduna ake kamfatar kifi da ita, da goran da masunci yake kifa ciki a kai ya yi iyo ya kuma zuba abin da ya kama a cikinsa, su ne suka fi shahara, saboda bikin Argungu da aka fara a 1934 ya riƙe su a matsayin kayan gasa, har hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Akwai kuma undurutu, tarkon da ake saƙawa da tsirkiyar itace ko tukurwa, da zago, wato mashin da kansa yake cirewa ya bar igiya a hannun maharbi. Zaren waɗannan kaya daga rama ko auduga ake samun sa, ko daga wani irin wake da ake kira yawa, wanda ake nomawa domin zaren da ke cikin dogayen sandunan furensa, zare mai ƙarfi da ba ya saurin ruɓewa a ruwa. Wanda ya duba irin wannan zare kusa-kusa zai ga kaurinsa bai daidaita ba, saboda a kan cinya aka murɗa shi, zai ga 'yan gasu sun tashi a jikinsa, launinsa ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi saboda hayaƙi da ruwan sassaƙen da aka jiƙa shi a ciki, idanun komar kuma wani ya ɗan fi wani faɗi, domin da hannu aka ƙulla su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙugiya ita ce ta fara nuna shigowar kayan masana'anta cikin sana'ar. Ƙugiyar maƙera tana ɗauke da sawun guduma, kaurinta yana raguwa ba bisa ma'auni ba, kuma galibi a maimakon ido sai a tarar an daddale gindinta ko an lanƙwasa shi domin a sami wurin ɗaura zare. Ƙugiyar kanti kuwa daga waya mai kauri ɗaya aka yanko ta, an fitar mata da ƙaya da inji, kuma duk waɗanda suka fito daga kwali ɗaya kansu ɗaya. Kamfanin Mustad na ƙasar Norway, wanda ya soma ƙera ƙugiya da inji a 1877, yana cikin waɗanda kayansu suka bazu a kasuwannin Afirka, da tambarin mabuɗi a jikin kwalin. Arhar ƙugiyar kanti ce ta ba da damar yawaitar mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi a jere waɗanda suke sarƙe kifi yayin da ya zo wucewa, tun da maƙeri ɗaya ba zai iya biyan buƙatar irin wannan adadi ba. Duk da haka ƙugiyar maƙera ba ta ɓace nan take ba, musamman manya da ake nema wa giwan ruwa, saboda haka sawun guduma kaɗai bai isa hujjar cewa abu ya girmi zamanin Turawa ba.

Babban sauyi ya zo ne da nailan, zaren da aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, wanda ya fara shiga hannun masuntan kogunan Arewa daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin shekarun 1960. Koma ta rama tana buƙatar shanya da gyara kusan kullum, ta nailan kuwa takan kwana a ruwa ba ta ruɓe ba, kuma ana sayen ta a saƙe, saboda haka kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya maƙale a idonta, ya rinjayi tarkuna da yawa na gargajiya, komar birgi da ta taru su ma suka koma na sabon zare. Littafin da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga a 1967 a kan kifaye da sana'ar su, wanda William Reed da Ibrahim Yaro suna cikin marubutansa, ya zo a daidai wannan gaɓa, don haka ya zama madogara ga mai son sanin abin da ake amfani da shi kafin sauyin ya kammala. Daga baya zaren roba mai sili ɗaya, wanda kifi ba ya gani sosai a ruwa, ya biyo bayan nailan mai murɗi, dalma ta maye gurbin dutse da gasasshen yumɓu a gindin koma, guntayen silifas da soso suka maye gurbin itace mara nauyi a samanta, jirgin katako mai ƙusa da injin baya ya zauna kusa da kwale-kwalen da aka fafe daga gungumen maɗaci, sannan tarkon gura, wanda ake kira mali saboda masuntan ƙasar Mali ne suka yaɗa shi, ya bazu bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Daga wannan jeri ake fitar da ƙa'idar farko ta ƙiyasta shekaru, wadda take cewa ba a yin abu kafin samuwar kayan da aka yi shi da su. Amma ƙa'idar tana buƙatar hattara, domin kayan su ba a yin su sau ɗaya a gama: sandunan homa suna iya zama na kaka, ragar ta uba, facin kuma na ɗa, ta yadda abu guda zai ƙunshi zamani uku, kuma dole a ba kowane sashe nasa lokacin. Awon kimiyya yana da amfani ga abin da ya tsufa ƙwarai, kamar jirgin Dufuna da wani makiyayi ya tarar yana haƙar rijiya a 1987 a yankin da yake cikin Jihar Yobe a yau, wanda masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono a 1994, awon kabon kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Awon kabon, wato auna ragowar wani sinadari da yake raguwa a hankali a jikin itace ko ƙashi bayan mutuwarsa, ba ya iya rarrabe shekarun ƙarni biyu ko uku na baya-bayan nan da kyau, saboda haka ga kayan da aka yi tsakanin zamanin Agwai da yau, idon masani da shaidar magada su ne ma'auni.

A nan ne kwatanci da sandar fatsa ta zaren gilashi yake da fa'ida, domin ita misali ce ta kayan su da aka tsara hanyar gane shekarunsa tsaf. Fatsa a wurin Bahaushe ita ce ƙugiya da zare da sandar gora, da tana ko fara a matsayin abin yaudarar kifi. Turawa kuwa suna da wani nau'i da ake ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, kuma da yake wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyi, nauyin igiyar ne yake kai shi nesa, sandar kuma dole ta zama mai lanƙwasa da dawowa domin ta wurga igiyar. A da, galibi da tsagaggen gora ake yin irin wannan sanda, har zuwa shekarun 1940, lokacin da aka gano cewa zaren gilashi, wato gilashin da aka narkar aka ja shi siriri aka haɗe shi da ƙaro na masana'anta, wanda 'yan kasuwa ke kira faiba, ya fi arha kuma ruwa ba ya lalata shi. Kamfanin Shakespeare na Amurka ya fitar da sandarsa mai suna Wonderod a 1947 bisa dabarar Dakta Arthur Howald, wasu kamfanoni irin su Conolon da Fenwick a Amurka da Hardy a Ingila suka bi sahu, zamanin kuma ya ci gaba har 1973, shekarar da Fenwick ya fito da sandar zaren kabon wadda ta fi sauƙin nauyi.

Mai son sanin shekarun irin wannan sanda yakan fara da rubutun da ke saman mariƙi. Shakespeare ya riƙa sanya haruffan da suke tsayawa a madadin lambobi, inda K take nufin 1, J take nufin 2, a bi da baya, ana tsallake I, har A da take nufin sifiri, ta yadda FK ke nuna 1951, Fenwick kuma daga farkon shekarun 1960 ya riƙa sa harafi a gaban lambar kowace sanda, harafin yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Idan rubutun ya goge sai a koma ga jiki. Farar sandar Wonderod tana da siririn sawu mai zagaye ta daga gindi zuwa kai, wanda naɗin da aka yi mata lokacin gashi ya bari. Mahaɗi, wato wurin da gaɓoɓin sanda biyu suke shiga juna, na ƙarfe ne a sandunan farko, sai a shekarun 1960 mahaɗin da aka yi da shi kansa zaren gilashin ya fara yaɗuwa. Haka nan kafin 1961 da haruffa irin su HDH ake nuna kaurin igiyar da ta dace da sanda, daga baya aka koma lambobi bisa nauyin ƙafa 30 na farkon igiyar, saboda haka sandar da take ɗauke da haruffa kaɗai galibi ta girmi wadda take ɗauke da lamba.

Darajar kuɗi kuwa tana bin abubuwa kaɗan da masu tara irin waɗannan kaya suka yi ittifaƙi a kansu. Na farko shi ne sunan maƙerin da ƙarancin irin sandar, domin abin da aka yi dubbai ba ya tsada komai tsufansa. Na biyu shi ne cikar tsawo, tun da sandar da kanta ya karye aka datse ta rasa yanayin lanƙwasarta, ana kuma gane haka ta hanyar jera gaɓoɓin a ga ko tsawonsu ya yi daidai. Na uku shi ne kasancewar zobban da igiya take bi, da zaren da aka naɗe su da shi, da mariƙi, duk na asali ne, tare da jakar yadi da bututun da aka sayar da ita a ciki. Gajerun sanduna masu ɗaukar igiya mara nauyi sun fi samun masu nema a kan dogaye masu nauyi. Abin lura shi ne cewa a wannan ma'auni gyara aibi ne, domin ko da gwani ne ya sake naɗa zobban, farashin yakan faɗi ƙasa da na wadda ba a taɓa ba.

Irin wannan sanda ba ta taɓa zama kayan aikin masuntan ƙasar Lafiya ba, saboda an yi ta ne domin nishaɗin mutum ɗaya da yake neman kifi ɗaya, alhali masunci yana neman abin da zai cika kwando ya kai kasuwa. Turawan mulki da ma'aikatan kamfanoni sun yi kamun nishaɗi na giwan ruwa da tsage a kogunan Nijeriya, kuma a yau ana yin fatsar ƙwaron ƙarya a kogin Faro na ƙasar Kamaru, wanda yake zuba a Binuwai. Idan tsohuwar sanda ta faɗo hannun mutum ta hanyar gado ko cikin kayan gwanjo, abin da ya fi dacewa shi ne ya kwafe duk rubutun da ke jikinta, ya auna gaɓoɓinta, ya guji kankare ta ko shafa mata fenti, domin ƙoƙarin mayar da ita sabuwa shi ne yake share shaidar shekarunta.

Kuskure ne babba a ɗauki ma'aunin masu tara sanduna a ɗora shi a kan homa ko zago ko goran da aka gada a Tunga ko Loko. Sandar masana'anta tana da asali ɗaya da aka rubuta a kundin kamfani, don haka duk abin da ya sauya a jikinta nisa ne daga wannan asali. Kayan masunci kuwa gyaran shi ne tarihinsa, domin facin nailan a jikin komar yawa yana nuna lokacin da sabon zare ya iso wannan gida, ɗinkin da aka yi wa tsagaggen gora yana nuna cewa mai shi ya ga ya fi ƙarfin a yar, layar da aka ɗaura a wuyansa kuma tana nuna abin da ya yi imani da shi game da ruwa da abin da ke cikinsa. Daraja a nan iri uku ce: ta aiki, wadda masunci yake aunawa da kifin da kayan zai kawo, da ta gado, wadda ba ta da farashi saboda magada ba sa sayarwa, da ta shaida, wadda take ƙaruwa gwargwadon abin da aka sani game da wanda ya yi abin da ruwan da aka yi aiki da shi. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohon kayan da aka raba da labarinsa ya rasa mafi yawan amfaninsa ga tarihi.

Cibiyoyin da za su iya wannan aiki suna nan. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, da Kwalejin Aikin Gona ta Lafiya, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, da Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, sannan bukukuwan su irin na Ogani a Umaisha da na Nwonyo a Ibi suna tara masunta da kayansu wuri ɗaya. Abin da ake buƙata bai wuce a bi tungayen masunta tare da izinin Sarakunan Ruwa ba, a ɗauki hoton kowane tsohon kaya, a rubuta sunansa a harshen masu shi da kuma Hausa, da abin da aka yi shi da shi, da wanda ya yi shi, da jerin hannayen da ya bi. Mutanen da suka murɗa zaren yawa a ƙuruciyarsu, suka kuma ga ranar da nailan ya fara shiga kasuwa, yanzu sun haura shekara saba'in, kuma su kaɗai ne za su iya faɗin abin da haruffan kamfani suke faɗa game da sandar zaren gilashi, saboda haka aikin rubuta shaidarsu na wannan zamani ne, ba ya jiran na gaba.